Kabewar da Ta Tsallake Danga

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikoki.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

To, ku matso. Mai gyaɗa a baki ya haɗiye tukuna.

Tun zamanin da mutane da namun daji ke zama unguwa ɗaya, akwai wata tsohuwa, sunanta Tabawa. Ba ta da ɗa, ba ta da jika. Abin da ta mallaka duk duniya akuya ce guda, Kyalla, ga ta da tsohon ciki. Maƙwabcinta Kurege ne, danga kawai ta raba su.

Garin nan yana da doka. Ran da ruwan shuka ya sauka, mai shela zai zaga yana cewa, "Kowa ya ɗaure dabbarsa! Wanda ya kwance dabba kafin girbi ya bar unguwa, sai dai in mai unguwa ne ya kwance da hannunsa. Abin da ya tsallaka gidan maƙwabci ya yi ɓarna, na farko gargaɗi, na biyu gargaɗi, na uku ya zama na wanda aka yi wa ɓarnar!"

Tabawa ta kafa turke kusa da danga, ta ɗaure Kyalla. Kullum da safe ta ɗauki lauje ta je yanko mata ciyawa.

Kurege ya leƙo, ya ga cikin akuya, yawunsa ya tsinke. Ya ce a ransa, "Uwa da 'ya'ya a igiya ɗaya, wannan ai garaɓasa ce." Sai ya shuka kabewa a gindin danga. Da ta fara yaɗo, ya zura kanta ta wata kafa, ya saita shi wajen turke.

Ran nan Tabawa ta dawo, ta iske Kyalla na tauna, Kurege na ihu.

Ta ce, "Kyalla, me kika yi?"

Kyalla ta ce:

"Ni ina turke, turke na nan,
Ganye ya zo, baki ya gaishe shi."

Kurege ya tsinci guntun ganye, sai zauren mai unguwa. Mai unguwa kuwa Kunkuru ne. Kun san Kunkuru da tafiya, daga zaurensa zuwa gidan Tabawa aikin wuni ne. Don haka duk shari'arsa a zaune yake yin ta.

Tabawa ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, akuyata a ɗaure take. Kabewar ce ta shigo."

Kunkuru ya ce, "Iya, kabewa na da ƙafa? Ɗaya ke nan. Je ki rage igiya."

A hanya Kurege ya ce mata, "Iya, ki kula fa. Kika yanke mini ko ganye ɗaya, ita ma ɓarna ce."

Tabawa ta cire turke ta mayar tsakar gida, ta rage igiya. Kurege ya zuro wani yaɗon. Yana kafa masa 'yan tsinke yana nuna masa hanya. Yaɗo ya bi ta kan kuɓewar Tabawa ya danne ta, ya isa turke.

Tabawa ta ce, "Kyalla, ki rufa mini asiri, ki kau da kai."

Kyalla ta ce, "Iya, na kau da kai, na same shi a can ɓangaren ma."

Kafin tsohuwa ta juya, an fara tauna.

"Ni ina turke, turke na nan,
Ganye ya zo, baki ya gaishe shi."

Aka koma zaure. Kunkuru ko ido bai buɗe sosai ba, ya ce, "Biyu ke nan. Ƙara rage igiya."

Tabawa ta kai turke har bakin ɗakinta. Igiya ta koma kamu ɗaya, ko kwanciya Kyalla ba ta yi da daɗi. Tsohuwa ta tsorata ƙwarai, don in akuyar nan ta tafi, ba ta da sauran komai. Kurege kuwa ya zuro yaɗo na uku. Ya bi ta kan yakuwa ya kashe ta, ya zo ya tsaya daidai hancin Kyalla. Akuya ta daure, ta daure, amma akuya akuya ce.

Aka sake komawa zaure. Kunkuru ya ce, "Uku ke nan. Kurege, akuya taka ce."

Tabawa ta dawo gida ta zauna a ƙasa tana kuka. Kurege ya shigo da rawar jiki, ya kai hannu ga igiya.

Kyalla ta ce, "Sannu, sabon ubangidana. An yi girbi ne?"

"A'a."

"To kwance. Amma ka fara ɗaure kayanka, don yau za ka bar unguwa."

Kurege ya janye hannu kamar ya taɓa wuta. Ya ce, "Sai in jira girbi."

Kyalla ta ce, "Jira mana. Kafin nan na haihu, 'ya'yan kuwa ba su ci maka ganye ba. Na Iya ne."

Ina! Kurege ba zai iya wannan asara ba. Ya ruga zaure ya ce, "Ranka ya daɗe, zo ka kwance mini da hannunka."

Kunkuru ya ce, "Gwiwata ba ta zuwa."

"Zan goya ka."

Haka aka yi. Kurege ya goyo mai unguwa, yana nishi, har bakin ɗakin Tabawa, ya sauke shi.

Kunkuru ya dubi igiya, kamu ɗaya. Ya dubi danga, ga ta can nesa. Ya dubi ƙasa, ya ga yaɗo uku sun ratsa tsakar gida, kowanne da 'yan tsinkensa. Ya bi na farko a hankali har danga. Ya bi na biyu, ya ga gawar kuɓewa. Ya bi na uku, ya ga gawar yakuwa. Rana ta yi tsaka kafin ya gama.

Sa'an nan ya ce, "Kurege, tsakanin akuya da kabewa, wa ya je wurin wani?"

Kurege ya ce, "Ranka ya daɗe, kabewa ai ba ta da ƙafa. Kai ka faɗa."

"Na faɗa ina zaure. Yanzu ina tsakar gida. Tsinken nan na wane ne?"

Kurege ya fara ja da baya.

Kunkuru ya ce, "Akuya ba ta bar turke ba. Kabewa ta tsallako sau uku, ta yi ɓarna. Abin da ke wannan gefen danga na Iya ne."

Kurege ya leƙa gidansa, ba komai sai gindin shuka. 'Ya'yan kabewa duk suna gidan Tabawa, manya-manya, don nan takin akuya yake. Ya juya zai sulale.

Kunkuru ya ce, "Tsaya. Wanda ya kawo ni shi zai mai da ni."

Kurege ya sake goyo. Tun daga ranar bayansa ya ranƙwafa. Ku dube shi in ya zauna, har yau bai miƙe ba. Kunya kuma ta sa ya bar gari ya haƙa rami a daji, inda ba danga, ba maƙwabci.

Kyalla ta haifi tagwaye. Tabawa ta sha miyar taushe har rani.

Wanda zai ƙirga ɓarnar maƙwabci, ya fara duba abin da ya tsallaka daga nasa gidan.

Ƙurunƙus kan kusu! Ba don Kyalla ta riga ni ba, da na ɗebo muku ganyen.