Mutumin da Ya Nome Abincin Gwauruwa

Akwai wani manomi a wani ƙauye, mutum mai tsoron Allah, mai son taimakon jama'a, amma ba shi da zama. In ya shiga inuwa, kafin gumi ya bushe masa ya miƙe. In matarsa ta ajiye masa tuwo, a tsugune yake gama shi, hannu a kwano, ido a kan hanya. Ko a sujada, kafin a kai ƙarshen waƙa shi ya riga ya rufe littafinsa yana jiran abin da ke gaba. Mutanen gari suna yi masa tsiya, suna cewa ranar da aka raba haƙuri ya tafi gona. Shi kuwa sai ya yi dariya ya wuce, don ko tsiyar ma ba shi da lokacin tsayawa ya ji ƙarshenta.

Ikkilisiyar ƙauyen tana da wata kyakkyawar al'ada. In damina ta kankama, zumuntar maza sukan ɗauki fartanyu ran Asabar su yi gayya a gonakin gwauraye da marasa lafiya da tsofaffin da ƙarfinsu ya ƙare. Ba sa tambaya ko mai gona yana zuwa majami'a ko ba ya zuwa. Kuma sukan tafi da abincinsu, don kada su ɗora wa mai gona nauyin ciyar da 'yan gayya. A shekarar da nake ba ku labari, wannan manomi aka zaɓa ya shugabanci aikin.

Ya karɓa da hannu biyu. Da can gona ɗaya ake yi a yini, a huta, a yi hira da mai ita, a yi addu'a a watse. Shi kuwa ya ce wannan wasa ne. Mabukata suna da yawa, ciyawa ba ta jiran kowa, don haka gona uku za a riƙa gamawa kafin rana ta faɗi. Gaskiyar magana, zuciyarsa ce ba ta barinsa ya huta. Duk inda ya ga gonar marar ƙarfi ta cika da ciyawa, sai ya ji kamar a kan ƙirjinsa ta tsiro.

Cikin waɗanda za a yi wa noma akwai wata tsohuwar gwauruwa, Iya Afiniki. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta kuma ba wanda ya rage a kusa. Ƙafarta ɗaya ba ta da lafiya, da sanda take dogarawa, gonarta kuwa 'yar ƙarama ce a bayan gari. Da aka sanar a majami'a cewa ran Asabar za a zo mata, ta yi godiya, sa'an nan ta roƙi abu ɗaya. Ta ce, "'Ya'yana, kada ku sa fartanya sai na iso."

Ran Asabar da safe suka isa gonar, ba ta iso ba. Manomin nan ya tsaya a bakin gona ya duba, ya kama baki. Geron yana nan, ya kai gwiwa, amma tsakanin kunyoyin duk kore ne shar. Ga tafasa, ga lalo, ga gasaya, ga karkashi yana yaɗo a ƙasa. Ya san su sarai, ba baƙinsa ba ne. A gonarsa in ya gan su sare su yake yi, don suna cinye wa hatsi taki. Tausayi ya kama shi, ya ce a ransa, dubi yadda ciyawa ta ci gonar baiwar Allah.

Ya duba hanya, babu ita. Ya duba gabas, hadari ya fara haɗuwa. Ya zauna a kan tushen itace, ya miƙe, ya je bakin hanya ya dawo. Gonaki biyu suna jiransu, ga maza a tsaye da fartanyu a kafaɗa ba sa yin kome. Wannan tsayuwa ta fi masa aikin yini zafi.

Wani daga cikinsu ya ce, "Shugaba, ai Iya ta ce a jira ta."

Ya ce, "Tsohuwa da sanda, yaushe za ta iso? Noma ne ba mu iya ba sai ta koya mana? Ku shiga, ta zo ta tarar an gama, ta yi murna."

Suka shiga. Aka ta da waƙa, fartanyu suna tashi suna sauka, ba a jima ba gonar ta yi fes. Babu abin da ya rage a tsaye sai gero. In da mai wucewa ya gani, da ya ce ba gonar da ta kai ta kyau a garin.

Suna saɓa fartanyu za su wuce, sai ga Iya Afiniki tana tahowa, tana dogara sanda, tana haki. Ta tsaya a bakin gona ta daɗe tana kallo. Manomin nan yana jira ya ji guɗa, bai ji ba. Can ta ce, "Sannunku da aiki, 'ya'yana. Ubangiji ya sāka muku." Sa'an nan ta ajiye sandar, ta durƙusa da ƙyar, ta fara tsince ganyen da aka sare, tana kakkaɓe ƙasa tana zubawa a gefen zanenta.

Ya ga wannan da idonsa, amma hadari yana ƙara duhu, sai ya ja mutanensa suka tafi. Suka gama gona ta biyu, suka gama ta uku, ruwa bai sauko ba sai da suka shiga gari. Kowa yana yaba masa. Shi kuwa abin da idonsa ya gani ya ƙi barinsa. Wanda aka share wa ciyawa, me zai sa ya durƙusa yana tsince ta?

Kashegari a sujada Fasto ya yi godiya ga zumuntar maza, ya ambaci shugabansu, jama'a suka yi tafi. Iya Afiniki ma tana can layin mata tana tafi tare da kowa. Manomin nan ya ji kamar a kan ƙaya yake zaune. Ya gyara zama, ya sake gyarawa, wa'azi ya shiga ta kunnen nan ya fita ta wancan. Da aka tashi ya koma gida, aka kawo abinci ya kasa ci. Ya shiga ɗaki ya fito, ya zaga bayan gida ya dawo, har matarsa Liyatu ta gaji da kallonsa.

Ta ce, "Maigida, yau kuma me ya hana ka zama fiye da kullum?"

Ya gaya mata abin da ya faru daga fari har ƙarshe. Liyatu ta ajiye muciyar da ke hannunta ta dube shi.

Ta ce, "Kun nome tafasar? Da lalon?"

Ya ce, "Duka. Ai ciyawa ce."

Ta ce, "A gonarka ciyawa ce, don rumbunka da hatsi. Rumbun Iya tun kafin ruwan fari ya ƙare. Ita ta watsa irin da hannunta. Da kwaɗon tafasar nan take kai kanta kaka, abin da ta shanya kuma ta ba maƙwabta su ba ta tsaba. Kowace mace a garin nan ta san haka. Ku maza ba ku tambayi kowa ba?"

Gero ko kai bai fara fitarwa ba, tsakanin nan da kaka akwai tafiya, kuma shi da hannunsa ya sare abin da tsohuwa za ta ci a tafiyar. Ya tafi da sunan Ubangiji ya yi mata abin da ko farin ɗango ba su yi mata ba. Baƙin ciki ya cika shi, kunya kuma ta fi baƙin cikin yawa.

Amma hali zanen dutse. Nan take ya zabura, ya ce zai ɗebo hatsi a rumbu ya kai mata yanzu-yanzu, gobe kuma ya tara maza su koma su watsa sabon iri, su cika mata gonar da tafasa har ta rasa inda za ta sa ƙafa. Ya riga ya ɗauko buhu, Liyatu ta tsaya a gabansa.

Ta ce, "Jiya ka yanke mata abin da take bukata ba ka tambaye ta ba. Yau ma za ka sake? Ajiye buhun nan, ka je da kunnenka."

Bai taɓa yin tafiyar da ta yi masa nauyi kamar wannan ba, don hannu wofi ya tafi. Ya tarar da Iya Afiniki a tsakar gida ta baza ganyen jiya a tabarma, rabi ya yanƙwane, rabi ƙasa ta ɓata shi, tana zaɓar na kirki. Ya yi sallama, ya durƙusa ya gaishe ta, ya roƙi gafara. Ta ce ba kome, Allah ya yafe mana duka.

Ya ce, "Iya, don me ba ki yi magana jiya ba? Da kin yi mana faɗa ma da ya fi mini sauƙi."

Ta ci gaba da juya ganye. Can ta ce, "Ɗana, wanda aka zo yi wa alheri yana da bakin ƙorafi? In na ce kun yi ɓarna, baɗi wa zai zo gonata?"

Wannan magana ta zaunar da shi. Mutumin da bai san zama ba ya zauna a ƙasa a gefen tabarma. Ya ce, "To, Iya, yanzu me kike so a yi?"

Ta ɗago ta dube shi, kamar ba ta ji daidai ba. Sai da ya maimaita. Sa'an nan ta gaya masa. Ta ce karkashi ya tafi, bana sai haƙuri. Amma tana da sauran irin lalo da na tafasa a ƙwarya, in ruwa bai ɗauke ba za su iya kamawa. Ba ta son taron maza, mutum ɗaya ya isa, ya riƙe mata ƙwarya ya bi ta, ita ta san inda kowane iri yake so. Hatsi kuwa za ta karɓa, amma Liyatu ta kawo mata kaɗan-kaɗan kamar yadda mata suke yi a tsakaninsu, kada a shigo mata da buhu a ka gari ya gani.

Haka aka yi. Da safe ya zo ya ɗauki ƙwarya, ita a gaba da sanda, shi a baya. Hanyar da yakan cinye kafin a gama gaisuwa, ran nan rabin safiya ta ɗauke su. Ƙafafunsa suna ƙaiƙayi, sau da yawa ya kusa wuce ta, sai ya tuna ya ja baya. Wani irin ya tsiro, wani bai tsiro ba, don lokaci ya ja. Iya Afiniki ta kai kaka da rai da lafiya, amma ta sha wuyar da ba dole ba ce, shi ma ya san da haka har ƙarshen ransa.

Ma'anar wannan misali ita ce. Manomin nan mu ne, 'yan'uwa, mu da muke fita da sunan ikkilisiya mu kai taimako. Gonar ita ce rayuwar mabukaci, ganyen kuwa su ne 'yan dabarun da yake rayuwa da su, waɗanda mu da muke a ƙoshe muke gani kamar ba kome ba ne. Saurin manomin shi ne himmar da ba ta da kunne. Kada wani ya fita nan ya ce na ce a daina gayya ko a daina kai ziyara. Wanda ya zauna a gida bai ɗaga fartanya ba, ba shi da abin fahariya a kan wannan mutum. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Muna kai wa marar lafiya abincin da ba ya iya ci, muna kai wa maraya riga alhali makaranta ce damuwarsa, muna yi wa tsoho addu'a a tsaye a bakin ƙofa, shi kuwa abin da yake so mu zauna. Dukansu suna cewa sun gode, mu kuma mu dawo mu ba da rahoto a yi mana tafi.

Ubangijinmu Yesu ya san ciwon kowa tun kafin a faɗa masa, duk da haka yakan tsaya ya tambayi mai bukata abin da yake so. Mu da ba mu san kome ba, me muke sauri a kai? Saboda haka, a makon nan in ka je gidan wanda kake taimako, ka zauna tukuna, ka tambaya, ka kuma jira amsa ko da ta yi jinkiri. Kada godiyarsa ta ruɗe ka. Mai yiwuwa yana gode maka ne don yana tsoron kada baɗi ka ƙi zuwa.