Agogo Mai Fuskar Ciyawa

Akwai wani ɗan kwangila da Allah ya buɗa masa bayan ya haura arba'in, sai ya faɗa wasan golf, wanda wasu ke ce wa ƙwallon lambu. Wasan masu hali ne. Ka bugi 'yar farar ƙwallo da sanda, ka bi ta a ƙafa har ta faɗa rami.

Shekara shida yana shiga gasar kulob ɗinsu, shekara shida ana yin waje da shi tun a zagayen farko. A ta bakwai ya kai wasan ƙarshe, shi da wani likitan ido. Tun daga ranar bai da zance sai na kofi, har matarsa ta fara tashi daga falo in ya shigo.

Yana da wani agogon hannu mai tsada da ya sayo a tafiya, irin wanda ake ƙera wa masu son golf. Fuskarsa koriya shar kamar ciyawar fili, gefensa da 'yan lotse-lotse irin na jikin ƙwallon, hannun daƙiƙa kuma siffar sanda. Ba ya cin batir, motsin hannu ke tafiyar da shi. In ka yi kuskuren tambayar mutumin nan ƙarfe nawa, to ka nemi wurin zama.

Saura kwana biyu wasa agogon ya tsaya cak. Ya girgiza shi, ya tashi, ya sake tsayawa. A nan ne ya tuna yana da kawu.

Kawun ƙanen mahaifiyarsa ne, ya tsufa a gyaran agogo. Shagonsa ɗan lungu ne tsakanin tela da mai yankan makulli. Tebur ɗaya, fitila mai lanƙwasasshen wuya, da wani ɗan gilashi da yake maƙalawa a ido.

"Yau kuma ɓatan hanya ka yi?" in ji Kawu.

"Kawu, kar ka fara. Duba min wannan. A hankali fa, ba irin waɗanda ka saba taɓawa ba ne."

Kawu ya buɗe bayan agogon, ya daɗe yana leƙawa.

"Da shi a hannu kake buga ƙwallon?"

"To a aljihu zan sa shi? Agogon golf ne."

"Rigar golf aka sa masa, ɗana. Cikinsa agogo ne kamar kowane. Akwai wani zaren ƙarfe a nan, bai kai gashin kai kauri ba, shi ke riƙe da lokaci. Duk dukan da ka kai wa ƙwallo shi ma ya sha rabonsa, har ya gurɗe. Zan miƙe shi yanzu, amma ka bar min shi kwana uku."

"Kwana uku na me?"

"Na kallo. Yau ya kwana a rigingine, gobe a kife, jibi a tsaye, ina gwada shi da na bango. Ba a shaidar agogo ranar da aka taɓa shi."

Ɗan kwangila ya yi dariya. "Jibi nake da wasa, kuma da shi zan fita. Waɗanda suka ƙera abin nan injiniyoyi ne masu fararen riguna, Kawu. Kai da ka ƙare a agogon 'yan makaranta ne za ka gyara musu aiki?"

Da wani ne, da agogon ya riga mai shi fita ƙofa. Kawu kuwa sai ya koma kan aikinsa. Ya miƙe zaren, ya daidaita lokaci, ya rufe, ya miƙa masa.

"Ko ba komai ka riƙa tuɓe shi in za ka buga. Ka gai da gida."

Bai tuɓe ba. Washegari ma wuni ya yi yana gwaji da shi a hannu.

Ranar wasa ta zo. Ƙarfe tara za a fara, kuma dokar gasar a fili take: wanda ya makara fiye da minti biyar ya fita. Waya kuwa a akwatin ajiya ake kulle ta, ba a shiga fili da ita.

Yana wucewa ta ƙofar kulob ya ga babban agogon wurin ya riga nasa da minti goma. Mutum mai hankali zai tsaya ya duba agogo na uku. Shi sai ya dubi mai gadi.

"Ku gaya wa manaja agogonku gudu yake yi."

"To, yallaɓai," in ji mai gadi. Me ya dame shi?

Ya wuce can ƙarshen filin gwaji, bayan itatuwa, domin ba ya son a ga yadda yake ɗumama hannu. Ya yi ta buga ƙwallo, yana yi yana duba hannunsa. Da agogon ya ce tara saura biyar, ya saɓa jakar sanduna, ya taho yana taku ɗai-ɗai kamar ango.

Ya tarar da mutane cirko-cirko, alƙalin gasa yana rufe littafinsa.

"Tara da minti goma sha ɗaya, yallaɓai. Sau uku aka kira sunanka."

Ɗan kwangila ya ja hannun riga ya tura masa agogon har kusa da hanci. "Duba nan. Ka san ko wane irin agogo ne wannan?"

Alƙalin ya duba da kyau. "Ya yi kyau ƙwarai," ya ce, ya sa biro a aljihu.

Ya yi faɗa, ya nemi manaja, ya ambaci shekarunsa a kulob. Babu wanda ya ɗaga masa murya, babu kuma wanda ya sake buɗe littafin. Aka ba likitan ido kofi bai buga ƙwallo ko ɗaya ba.

Likitan ya zo wucewa rungume da kofin, ya tsaya ya dafa kafaɗarsa, ya leƙa koriyar fuskar agogon.

"Kar ka damu, abokina," ya ce. "A hannunka dai har yanzu ba ka makara ba."

Darasi: Tsadar abin hannunka ba ta sa ka fi mai sana'a sanin sana'arsa, kuma ƙanƙantar shago ba ta rage ilimin wanda ke zaune a ciki. In wanda ya sani ya ce ka jira, ka jira. Ku tura wa wannan ɗan uwan naku da ba a isa a gaya masa ba, ko kowa ya san da shi kuke.