Mai Karɓar Gaisuwar Sallau

Ku gyara zama, yau mai gardama zai samu abin yi.

Wani mutum ne, Sallau, ya yi shekara arba'in a Sudan bai leƙo gida ba. Da ya dawo, tsufa ya kama shi, ga ciwon ƙirji. Gidansu ya zama shaguna, danginsa sun ƙare, uwarsa ta rasu shekara goma sha biyu da suka wuce. Kullum yana zaune a ƙofar masallaci shi kaɗai, ana wuce shi kamar baƙo. Wallahi abin tausayi. Burinsa ɗaya ne: ya ga kabarin uwarsa, in ya mutu a sa shi kusa da ita.

To, kun san kaburburanmu ba suna a kansu. Kwamitin maƙabarta ne ke rubuta layi da lambar kowane mamaci a wata tsohuwar kwamfuta. Ita kuwa ta ɗauko wani hali: da an rubuta suna an danna nema, sai manhajar ta rufe kanta ɗif. Kwana tara Sallau yana zuwa, yana komawa da sandarsa.

Tanimu, akawun kwamitin, bai iya gyara ba, bai kuma yi ƙaryar iyawa ba. Ya rantse ba mai taɓa kwamfutar sai ya kwafe komai a filashi, ɗan abin nan na ajiyar bayanai. Aka yi ta yi masa dariya, wai tsoro ya yi masa yawa.

Sai aka kira Ɗayyabu mai gyara. Ya duba ya ce sunayen suna nan, fihirisar da ke nuna wa manhaja inda kowane suna yake ce ta lalace. Garin goge lalatacciyar fihirisar, mutumin naku ya haɗa har da fayil ɗin sunayen! Da ba don filashin Tanimu ba, shi ke nan. Ɗayyabu ya dawo da su daga filashin, ya sake gina fihirisar, manhaja ta tsaya da ƙafarta. Sunan tsohuwar ya fito, da ranar rasuwa, da layi na sha bakwai. Amma wurin lambar kabari lalacewar ta cinye shi, kuma layin nan kabari tamanin ne.

Barau mai haƙar kabari bai san ko bihim ba. Da aka karanta masa rana da layi, sai ya ce, "Ranar da ruwa ya rushe katangar gabas ce. Ni na haƙa. Mu huɗu muka rufe ta, ba ɗanta ko ɗaya." Ya kama hannun Sallau har gindin wata aduwa.

Sallau ya durƙusa ya yi kuka kamar yaro. Da ya tashi ya ce wa liman, "Malam, ba ni da kowa. In na mutu, wanda ya haɗa ni da uwata shi ne ɗana, shi zai zauna a tabarma ya karɓi gaisuwa." Bai faɗi suna ba. Kwana shida tsakani aka binne shi gefenta.

Ga tabarma an shimfiɗa, mutane sun fara isowa, ba kowa a kanta. To, ku faɗa mini: Tanimu, Ɗayyabu ko Barau, wa ya cancanci ya zauna?