Ki Bar Wa Cikinki

Ga wata nan tafe, ku gyara zama ku tare ta.

Har gobe Kurciya ba ta manta ranar da ta fara ganin Kurege ba. Tana kan reshen kanya, shi yana ƙasa, cikinsa na kuka kamar kwaɗon damina, yana juya wata tsohuwar karta da mafarauta suka yasar.

"'Yan mata, sauko ki ga abin da ya hana kakana noma," in ji shi.

Ta sauko, ta zari kati ɗaya ta duba. Jar zuciya ce guda. Ya ce ta ɗora shi a saman sauran. Ya raba kartar biyu, ya aza rabin ƙasa a sama, ya shiga buɗewa ɗaya-ɗaya. Can sai ya miƙo mata jar zuciyar.

"Taki ce ko?"

Kurciya ta sunkuyar da kai. Akwai abin da ta so faɗa, amma ta bar wa cikinta.

Shi kuwa Kurege bakinsa ba ƙofa. "Ba tsafi ba ne. Kafin a fara nakan saci kallon katin ƙasa, shi ne dogarina. In na raba na haɗa, sai dogari ya hau kan katinki. Duk wanda ya biyo bayan dogari, shi ne. Da wannan zan ci cinya a fadar Zaki!"

Da gari ya waye, Kurege ya naɗa saɓar maciji a ka, ya manna gemun masara a haɓa, ya doshi fada yana kirari.

"Ni ne Malam Gani-Har-Hanji! Abin da ka ɓoye wa matarka, ni tun shekaranjiya na sani!"

Zaki ya zari kati, ya ga mai lamba biyu ne, ya ɓata rai ya mayar. Ya sake zara, ya sake mayarwa, sai da ya samu Sarki.

Dila bafade ya daka tsalle. "Sarki ya zaɓi Sarki! Ko karta ta san manya!"

Kurege ya raba, ya haɗa, ya shinshina iska, ya lumshe ido, ya fiddo Sarki daga bayan dogari. Fada ta ɗauki sowa, har waɗanda ke baya, da ba su ga komai ba, sun fi kowa tafi. Aka ba shi cinyar barewa.

Zaki ya ce, "Gobe ka maimaita a gaban jama'a. In ka ci, kai ne Sarkin Duba, cinya kullum. In ka faɗi, kai ne cinyar."

"Ranka ya daɗe, a fara yanka mini tawa tun yau, kada ta huce."

Da gari ya waye, namun dawa suka cika fada, Kurciya kuma ta samu reshe a sama. Aka turo Kura, wadda ba ta ga wasan jiya ba. Ƙoshi ya hau wa Kurege kai. Ya saci kallon dogarinsa, sannan ya ja rawani ya rufe idanunsa don burga.

"Gwaggo Kura, zari ɗaya, ki duba, ki bar wa cikinki. Sauran ko jariri ya sani."

Kura ta zara, ta duba, ta tuna umarnin Malam, ta jefa kati a baki. Muƙut! Fadawa suka gyaɗa kai, don kada a ce ba su gane ilimi ba. Kurciya ta buɗe baki za ta yi magana, ta ga yawan idanu, kunya ta shaƙe ta. "Kuu" kawai ta fito.

Kurege ya raba, ya haɗa, ya yaye rawani, ya ɗaga katin bayan dogari. "Ga shi!"

"Ba shi ba ne," in ji Kura. "Nawa ja ne, kuma bai ji gishiri ba."

"Gishiri? Ina kika sa shi?"

Kura ta bugi tumbinta. "Inda ka ce."

Zaki ya gyara zama. "To, Malam, ba Gani-Har-Hanji ne sunanka ba? Kura, buɗe masa ƙofa ya shiga ya duba."

Kura ta wangame baki. Kurege ya leƙa. "Ranka ya daɗe, ciki da duhu. Bari in ɗauko fitila."

Ƙafa me na ci ban ba ki ba! Zaki ya kai masa mari, gemu ya yi gabas, rawani ya yi yamma. Kura ta cafke bakin wutsiyarsa, ya fizge ya bar mata gashi, bai tsaya ba sai gindin kanya.

Kurciya ta same shi yana lasar rauni, kati ɗaya tak ya rage a hannunsa, jar zuciyar nan.

"Dabarata ba ta faɗi ba," in ji shi. "Hausar Kura ce ta faɗi. Gobe sai fadar Giwa, can an fi cinya girma!"

"Na ga lokacin da ta haɗiye shi," in ji Kurciya. "Na kasa faɗa."

Ta ɗauki katin da bakinta, ta soke shi a ƙarƙashin fiffike, ta ɗaga murya har ganyen kanya ya motsa.

"Duk fadar da ka nufa, ina bisa reshe. Na yi maka alkawari, Kurege, daga yau ba abin da zan ƙara bar wa cikina."