Motar Baban Kubura

An yi wani mutum a nan Filinge, mai gyaran jikin mota. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana raye, kuma abin da ya same shi ya ishe shi. Hannu kam yana da shi. Mota ta lotse kamar kwanon da jaki ya taka, zai buge ta, ya shafe, ya fesa fenti, har ka ga fuskarka a ƙofarta.

Matarsa Kubura ɗiyar wani tsohon direba ce. Ku manya kun tuna motar nan kat-san-kat mai buɗaɗɗen baya, wadda take kai gero kasuwar Sanam ta dawo da awaki? To, tasa ce. Da ya rasu, motar ta zauna a bayan gida, kaji suna ƙwai a kujerarta, damina tana bi ta kanta shekara da shekaru.

Sai Haruna, wan Kubura, ya yi niyyar tashinta. Tsohuwarsu tana ƙauye wajen Damana, idonta ya fara tafiya, yana so ta ga motar mijinta a kan ƙafafunta kafin gani ya ƙare. Aka ce ya kai ta Yamai, can akwai masu aikin tsofaffin motoci. Ya ce, "Ga mijin ƙanwata da gareji, in kai wa bare? Da wane ido zan dube shi?"

Ya jawo motar ya kawo. Ya sayo sabon ƙarfe mai kauri don ƙashin motar, wanda suke ce wa shasi, domin tsatsa ta cinye shi daidai inda ƙafar baya take riƙe. Ya miƙa, ya tafi, bai ƙara leƙowa ba. Kun san halinmu, 'ya'yana. Ka tsaya a kan aikin suruki kana dubawa, ai ka kira shi ɓarawo ke nan.

Ana nan, wani ɗan kasuwa ya zo da tasa motar yana gaggawa. Mai garejin ya ɗauki ƙarfen Haruna ya sa wa motar ɗan kasuwar, ya ce a ransa zai mayar. Bai mayar ba. Ya ɗan ɗiga walda a ruɓaɓɓen wurin, ya cika ramukan da mastik, ƙullun nan da ake shafe lotsewa da shi, ya goge, ya bi da baƙin fenti. Ya ɗauka tsohuwa za a kawo gari ta gani, motar kuwa iyakarta zagayen ranar salla. Ya 'yan uwa, ƙullu yana ɗaukar kaya?

Da aka fito da ita, shuɗiya tana ƙyalli, tsofaffi har da ƙwalla. Da safe sai ya ga ana loda buhunan shinkafa, mata suna hawa baya, za a tafi ƙauye. Ya shiga gida, ya tarar da Kubura tana ɗaura kallabi.

Ya ce, "Kubura, ki bari sai wani zuwa. Jikina babu daɗi."

Ta ce, "Kai da ka share kwanon ɗumame yanzu? Maigida, motar babana ce. A bayanta na yi wayo."

"Hanyar ba ta da kyau."

Ta yi dariya. "To, mi? Ba kai ka gyara ta ba?"

Ya fita wurin Haruna. "Yaya, kayan ba su yi yawa ba?"

"Wagga mota ta ɗauki abin da ya hi haka tun kana goye. Balle yanzu da sabon ƙarhe."

Maganar ta zo masa har bakin harshe. Ya dubi jama'ar da ke yaba hannunsa, ya dubi Kubura tana gyara zama a kan buhu, daidai saman wurin. Abin da ya iya fitarwa shi ne, "Allah ya kiyaye hanya."

Ba su kai Damana ba. A gangaren wata ƙorama motar ta buga rami, ƙashinta ya karye, ta kife. Sauran suka fita da karaya da rauni. Kubura ce a ƙasa. Tsohuwa ba ta ga motar mijinta ba, gawar ɗiyarta aka kai mata.

A wurin zaman makoki Haruna ya zo da wani guntu da ya tsinto a ƙoramar, baƙi a waje, fari a ciki, yana marmashewa kamar busasshiyar fura. Ya sa wa mijin Kubura a tafin hannu, ya naɗe masa yatsu a kai, ya koma ya zauna. Bai kai shi ƙara ba, bai zage shi ba. Garejin yana nan a buɗe, babu mai kawo ko keke. Shi kuwa yana zaune a ƙofa, yana kallon hanya.

Ya 'yan uwa, wanda ya ba ka aiki ya juya baya don kunyarka, ya bar ka da Wanda ba Ya juya baya. Cin amana zunubi ne, amma ƙofar tuba tana buɗe har lokacin da aka tada injin. Kunyar mutane ce ta rufe masa ita. Wace kunya ce ta kai rai?

Allah ya tsare mu da rufe ɓarna da fenti, ya ba mu bakin faɗin laifinmu tun magana tana da amfani. Allah ya jiƙan Kubura. Amin.