Jar Hular Osgood

Akwai wani mutum a garin Manitowoc, a bakin Tafkin Michigan, ana kiransa Wendell Kubiak. Shekarunsa sittin da uku. Yana da ɗan shagon littattafai da kayan wasa, a bayan shagon kuma akwai tebur mai kujeru bakwai, ɗaya daga cikinsu gurguwa ce.

A wannan tebur, duk yammacin Alhamis, shekara talatin da ɗaya ke nan, Wendell yake jan wasan Gaɓar Gishiri. Shi ne mai riƙe littafi, yana faɗin abin da ke faruwa. Sauran kowa da jaruminsa, wani matuƙin jirgi, wani ɓarawon teku, kowa ya faɗi abin da zai yi. In aka zo inda ba a san yadda za ta kaya ba, sai a jefa 'ya'yan lido, a duba lambar da ta fito a cikin jerin da ke littafin.

Irin wannan jeri guda bakwai ne, kowanne da abu ɗari. Wanda ya fi suna shi ne na abubuwan da teku ke amayowa bakin gaɓa. A lamba arba'in da bakwai an rubuta: "Jar hular ulu, an saƙa sunan Osgood a bakinta."

Shekara da shekaru masoya wasan suna gardama a kan ko wane ne Osgood. Ba wanda za a tambaya. A shafin farko sunan mai kamfanin ne kawai, ya kuwa rasu tuni, sai a ƙarƙashinsa da ƙananan baƙaƙe: "da ma'aikata."

Wendell ya sani.

Shekara goma sha bakwai da suka wuce, wata mata ta shigo shagonsa tana fakewa dusar ƙanƙara. Akwai kujera ba kowa, aka ce ta zauna. Ana cikin wasa arba'in da bakwai ta fito, Wendell ya karanta. Matar ta tashi ta fita ba ko sallama. Alhamis ta zagayo, ta dawo, ta gaya masa shi kaɗai. Sunanta Ardith Solheim. Ita ta rubuta littafin tun daga farko har ƙarshe, a teburin kicin ɗinta, a lokacin sanyin da jirgin kamun kifin mijinta ya fita tafki bai dawo ba. Ta roƙe shi ya bar maganar a cikinsa, ya bar ta.

Kwatsam sai kamfanin ya ba da sanarwar sabon bugu.

Duk mako suna fito da sunan ɗaya daga cikin sababbin marubutan da hotonsa, masoya suna ta ɗoki. Kafin wata biyu an san irin kofin da kowannensu yake sha, an san sunayen karnukansu. Shugaban marubutan wani matashi ne, Cody Marchetti, mai baki kamar rediyo, mabiyansa a intanet sun fi mutanen Manitowoc yawa sau biyar.

An zaɓi tebura arba'in a faɗin ƙasar su gwada sabon littafin kafin a buga, teburin Wendell na ciki. A al'adarsu, sunan duk mai jan teburin gwaji yana fitowa a shafin ƙarshe. Wendell bai taɓa burin wani abu kamar wannan ba. Ranar da takardar ta zo, sau uku ya goge tabaraunsa.

Da kwafin gwajin ya iso, ya buɗe jerin teku, ya gangara da yatsa. Hular tana nan. Amma yanzu ta zama "hular Osgood Mashayi", wani wawan ɓarawon teku mai jan hanci, wanda yake buguwa ya yar da hularsa a kowace tasha. Har babi guda aka yi masa, da zane. A shafin farko kuwa sunayen sababbin marubuta shida ne. Ko "da ma'aikata" ɗin an share.

Ya rubuta wa kamfanin wasiƙa, ba tare da ya faɗi suna ba, ya ce marubuciyar tana raye. Suka gode masa da ƙaunar da yake yi wa wasan. Ya sake rubutawa. Suka ce sun duba takardunsu, ba su ga wata mace ba.

Ran Lahadi ya tafi gidan kula da tsofaffi inda Ardith take. Shekarunta tamanin da ɗaya, idanunta sun kusa tafiya. Ya karanta mata babin duka, bai tsallake ko layi ba.

Ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce, "Osgood ɗina ko giyar bikinmu bai sha ba. Cewa ya yi tana sa shi barci."

"Misis Solheim, ki sake mini baki."

"Shekara goma sha bakwai ina ce maka Ardith ne sunana, kai kuwa kunnen ƙashi. Wendell, na sayar musu. Na sa hannu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, haka aikin yake tun ba a haifi yaron da ya rubuta wannan ba."

"Rubutun suka saya. Ba su sayi mijinki ba."

Ta juya fuskarta wajen taga, inda haske yake. "In za ka yi magana, yi. Amma sharaɗi ɗaya. Kada ka roƙe su. In ka ce 'don Allah', kada ka ƙara zuwa nan."

Ran Alhamis ya gaya wa mutanen teburinsa cewa zai tona maganar a babban taron masoya wasan. Bernice, wadda ta yi ritaya daga tuƙin motar 'yan makaranta, ta ajiye cukun da take ci.

"Kai dattijo, ka san za su cire sunanka ko?"

"Na sani."

"Shekara talatin kana damunmu da shafin ƙarshen nan. Har matarka ta ce da shi kake mafarki, ba da ita ba."

"Za ki kai ni Milwaukee ko in hau bas?"

"Wa zai bar ka ka hau bas, ka ɓace mana a hanya? Ƙarfe shida, kuma kofi a wuyanka."

Babban taron masoya wasan a birnin Milwaukee ya kama ranar Asabar, saura mako uku a kai littafin ɗab'i. Zauren ya ɗauki mutum ɗari shida, ya cika har da na tsaye. Kamar kullum, da yawa sun zo da tsohon littafinsu a jaka, duk ya sha hannu, don sababbin marubuta su sa musu hannu a ciki.

Cody ya yi magana minti arba'in. Daga ƙarshe ya ce, "Ga tsarabarku. Shekara arba'in kuna tambaya wane ne Osgood. Na bincika, ba kowa ba ne, suna ne aka tsinta don a cike layi. To, ni na ba shi rai!" Aka haska zanen mai jan hanci a bango. Zauren ya ɗauki dariya da tafi.

Aka buɗe layin tambayoyi. Wendell ne na goma sha ɗaya. Na gabansa sun tambayi wane alƙalami Cody yake so, da ko karensa ya warke.

Da ya faɗi sunansa, Cody ya yi murmushi. "Af, mai wasiƙu! Jama'a, wannan baban namu ya fi kakata son gidan waya. To, Baba, a taƙaice, akwai mutane a bayanka."

Wendell bai dube shi ba. Jama'a ya juya ya fuskanta.

"Duk mai tsohon littafi ya fito da shi. Shafi na talatin da ɗaya, abin da ake samu a aljihun baƙo. Wani ya karanta mini lamba arba'in da bakwai."

Ba abin da mutanen nan suke so kamar a ce su duba lamba. Aka ji ƙarar takardu ko'ina. Wata budurwa ta ɗaga murya: "Zobe, an zana A da O a cikinsa."

"Shafi na hamsin da takwas, abin da matuƙi ke hangowa daga ruwa. Lambar dai."

"Fitila a tagar wani gida," in ji wani daga baya, "ba a taɓa kashe ta ba."

"Shafi na casa'in. Abin da ake tararwa a gidan da ba kowa."

"Tebur da faranti biyu. Ɗaya ba a taɓa shi ba."

Dariyar ta mutu. Cody ya ce, "Baba, wannan ba tambaya ba ce," ya yi wa mai kula da na'ura alama, aka kashe abin maganar.

Amma wanda ya shekara talatin da ɗaya yana ɗaga murya a gaban mutum shida masu taunar gyaɗa, ba ya buƙatar na'ura.

"Shafi na ɗari da goma sha biyu! Jita-jitar tashar jirgi!"

Wannan karon mutane da yawa suka karanta tare, a hankali: "An ce wata mata tana zuwa tasha kowace safiya, tana ƙirga jirage."

"Jeri bakwai ne, ku duba sauran a gida," in ji Wendell. "Osgood Solheim masunci ne. Shekarunsa arba'in da bakwai ranar da tafki ya riƙe shi. Ba ya shan giya. Matarsa ce ta saƙa masa hular, ita ce kuma ta rubuta littafin da ke hannunku. Sunanta Ardith. Tana raye, mil tamanin daga inda kuke zaune. Kun san sunan karen wannan yaron, ba ku san nata ba."

Sannan ya dubi Cody. "Ban zo roƙo ba. An hana ni. Na zo ne in gaya maka abin da ka taka."

Ya koma ya zauna kusa da Bernice. Ta ɗora hannunta a kan nasa.

Bayan taron an jera tebur don marubuta shida su sa hannu. Mutum tara ne suka je. Sauran suka yi layi a gaban Wendell. Budurwar nan ta sayo littafin rubutu na 'yan makaranta, kowa ya zo ya rubuta wa Ardith layi ɗaya ko biyu, ya sa sunansa. A ranar masu karatu ne suka sa wa marubuciya hannu. Wendell ya ƙirga daga baya: ɗari huɗu da goma sha biyu.

Kafin Litinin labarin ya zaga ko'ina, masoya suka ce ba sunan Ardith, ba ciniki. Kamfanin ya sake duba takardunsa, sai ga mace ta bayyana. Aka ɗage bugu da mako biyar. Aka cire mai jan hanci. Cody bai rasa aikinsa ba, sai dai sunansa ya koma ƙarƙashin nata, kuma har yau duk taron da ya je, tambayar farko ita ce, "Yaya jikin Ardith?"

Wendell kuwa, an ce ya saɓa ƙa'idar masu gwaji. Sunaye talatin da tara suka fito a shafin ƙarshe. Shagonsa ma ba a aiko masa da kwafin farko ba. Sai da Bernice ta kai shi garin Green Bay ya bi layi ya saya kamar kowa.

Daga can bai biya gida ba. Ya zauna kusa da Ardith, ya kama yatsanta ya ɗora a shafin farko, ya bi da shi kan baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya.

"Karanta mini arba'in da bakwai," ta ce.

"Jar hular ulu, an saƙa sunan Osgood a bakinta."

Ta gyaɗa kai. "Yanzu shafin ƙarshe. Ina naka?"

"Wuri ne ya ƙare musu."

"Ka tsufa ba ka iya ƙarya ba. Ba ni alƙalami."

Ya ba ta. Ta lalubi gefen takardar, ta rubuta sunansa a hankali. Ba ta ganin layi, don haka sunan ya karkace, ya hau kan na mutum biyu, wutsiyarsa ta kusa faɗawa waje. Littafin yana nan a bayan shagon, a kan tebur mai kujeru bakwai. Wendell ba ya bari a taɓa shafin da hannun maiƙo.

Darasi: Kafin ka yi dariya da abin da ka gada, tambayi wanda ya yi shi da abin da ya ci masa. Kuma in gaskiya ta nemi ka tsaya, tsaya ko da naka rabon zai faɗi, domin sunan da ka rasa saboda wani ba ya ɓata, hannun da ya fi daraja ne zai rubuta shi. Ku tura wa duk wanda ke jin daɗin wani aiki bai taɓa tambayar mai shi ba.