Ƙasar da Casimiro Ya Mutu Dominta

Akwai wani makiyayi a yankinmu na Teksas, tun ƙasar tana hannun Meksiko, ana ce masa Casimiro Lozano. Shi ya fara sare dajin da ke bakin koginmu, lokacin ba kowa sai macizai. Shi da matarsa Refugia suka kafa gidan katako. Zazzaɓi ya ɗauke musu 'ya'ya biyu, suka binne su a bayan gidan.

Wata damina wani baƙo, Harlan Pruitt, ya iso daga arewa, keken dokinsa ya karye, 'ya'yansa na kukan yunwa. Casimiro ya ba shi masara da alfadari, ya yanka masa gefen gonarsa.

Da yaƙin neman 'yancin Teksas daga Meksiko ya tashi, Casimiro ya sauko da bindigarsa. Refugia ta tare ƙofa.

"Maigida, waɗanda za ka harba yarenmu ɗaya da su. Waɗanda za ka bi kuwa ko sunanka ba su iya faɗa ba."

Ya yi dariya. "Za su koya. In ƙasa ta samu, ta kowa ce."

Harlan ya ce ƙafarsa na ciwo. "Je ka, ɗan'uwa, gidanka na wuyana."

A wata mashiga aka kashe Casimiro, yana tare wa sojojin Meksiko hanya har mata da yara suka haye kogi. Ba a ga gawarsa ba. Dokinsa ne ya dawo gida.

Teksas ta ci yaƙi, aka yi ta kiɗa a gari. Ba a daɗe ba Harlan ya zo gidan Refugia da mutane riƙe da bindigogi.

"Baiwar Allah, masu yarenku duk kudu suke komawa. Ki haɗa kayanki."

"Harlan, da masararmu 'ya'yanka suka rayu."

Ya kasa kallonta. "In ban karɓa ba, wani zai karɓa."

"Kaburburan 'ya'yana fa?"

"Ba zan taɓa su ba."

Da shuka ta zagayo, auduga ce a wurin.

Refugia ta ƙare rayuwarta tana wankau a hayin iyaka. Harlan ya tsufa cikin daraja, har jawabi yake yi ranar bikin 'yanci.

Darasi: Ba duk mai alheri ke ganin sakayya a duniya ba. Inuwar da kake sha, wani ne ya mutu a rana ya dasa ta. Kada ka kori iyalinsa daga gindinta. Ku tura wa wasu, ko a tuna da irin su Casimiro.